A Sa Wa Jiranmu Rana: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar NCC

Zuwa ga Dakta Aminu Maida,
Shugaban Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC,
Abuja.



Ranka ya daɗe, ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, nan arewacin Jihar Jigawa, inda nake koyarwa a makarantar sakandare. Na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a, kuma da Hausa, domin waɗanda abin ya fi shafa su ji abin da aka faɗa a madadinsu, in na yi kuskure su gyara mini.

A garinmu akwai harafin boko guda ɗaya da kowa ya haddace, har tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar aji ba. Harafin E ne. Da zarar ya bayyana a goshin waya, kowa ya san hoton jika ba zai buɗe ba, saƙon murya ba zai tafi ba, mai POS kuma zai ce a je a dawo. In H ya leƙo sai a yi maza a tura abin da za a tura kafin ya gudu. Shi kuwa 4G baƙo ne a wurinmu. Ƙarfen sabis ɗin da ke bakin gari ba ya ba da shi. Wanda muke ɗan samu yana tsallakowa ne daga wani gari mai nisa, kuma ba ya sauka ko'ina sai a kan wani tudu da ke yamma da gari. Bayan sallar isha'i, in ka je tudun nan, za ka tarar da samari zaune rukuni-rukuni, hasken waya a fuskokinsu. Wani yana sauke darasi, wani yana cike takardar neman aiki, wani yana jiran ganin fuskar yayansa da ke ci-rani a Fatakwal. 'Yan mata ba sa zuwa, don babu uban da zai bar 'yarsa ta fita bayan gari da dare, kuma yana da gaskiya. Ke nan rabin ɗalibaina ko wannan ɗan abin ba sa samu.

Shekara uku ke nan da wasu ma'aikata suka zo da mota, suka hau ƙarfen, suka yi gwaje-gwajensu, suka ce mana za a ɗaga shi zuwa 4G nan ba da jimawa ba. Mai unguwa ya sa aka kai musu fura. Tun daga ranar, duk farar motar da ta ratsa gari sai yara su bi ta da gudu suna cewa masu sabis sun dawo. Mun kira lambar kamfanin ba sau ɗaya ba, amsar ba ta canzawa: ana kan aiki, a ƙara haƙuri. Haƙurin muna da shi. Abin da muka rasa shi ne wanda zai ce mana ga wata, ga shekara. Wannan shi ne dalilin wasiƙar nan.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi alherin da na gani da idona, don wanda bai gode wa kaɗan ba ba zai gode wa mai yawa ba. Na yi wayo a zamanin da in kana son ɗan'uwanka da ke Legas ya ji halin da gida ke ciki, sai ka nemi mai rubuta wasiƙa, ko ka naɗi muryarka a kaset ka ba direban motar shanu, ka jira wata guda kafin amsa ta zo. A lokacin layukan tarho na ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 hukumar da kake shugabanta ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, zuwa watan Agusta waya ta fara ƙara a aljihun mutane. A 2003 Glo ya shigo da lissafin kira a kan sakan, farashi ya karye, talaka ya samu shiga. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Cikin abubuwan da aka yi wa talakan ƙasar nan tun dawowar mulkin farar hula, kaɗan ne suka shiga rayuwarsa kamar wayar hannu. Saboda mun ɗanɗana ne muka san abin da ya rage.

Da aka zo kan 5G ma mun bi labarin a rediyo. A Disambar 2021 aka yi gwanjo, MTN da Mafab suka yi nasara, kowanne ya biya dala miliyan 273.6. A Satumbar 2022 MTN ya buɗe nasa, kuma Kano da Maiduguri na cikin birane bakwai da aka sa a sahun farko. Airtel ya bi baya a 2023. Mun yi murna, don duk abin da ya iso Kano muna ganin ya kama hanyar gida. Sai daga baya na fahimci cewa zangon da aka sayar a gwanjon nan, mai mita 3.5 GHz, halinsa halin tirela ne. Yana ɗaukar kaya mai yawa, amma tafiyarsa gajeriya ce, sai an jera ƙarafuna kusa da kusa, don haka inda jama'a suka cunkushe ne kawai yake biyan kuɗinsa. Ƙasa irin tamu, mai ƙauyuka a warwatse da rugage a tsakanin gonaki, raƙumi take buƙata: ƙananan zanguna irin 700 da 800 MHz, waɗanda ƙarfe ɗaya zai watsa su kilomita masu yawa, su ratsa katangar ƙasa su iske mace a tsakar gidanta. Saboda haka, ranka ya daɗe, ba 5G na zo roƙo ba. Birni ya sha 5G lafiya. Mu 4G mai tsayawa da ƙafarsa muke jira, wanda zai yi aiki da rana tsaka, ranar kasuwa, a cikin gida.

Kuma wannan abu ne da aka riga aka yi mana alkawarinsa a rubuce. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2020 ya ce kafin ƙarshen 2025 za a kai intanet mai sauri inda kashi 90 cikin 100 na 'yan ƙasa ke zaune, da gudun megabit 25 a sakan a birane da megabit 10 a karkara. Ya ce masu amfani da shi za su kai kashi 70 cikin 100, kuma gigabait ɗaya na data ba zai wuce naira 390 ba. Shekarar 2025 ta zo ta wuce, alƙaluman hukumarka sun nuna masu amfani da intanet mai sauri sun tsaya a wajajen rabi. An yi tafiya, babu musu, amma waɗanda aka bari a baya ba a warwatse suke ko'ina ba. Mu ne, mutanen bakin iyaka da na cikin daji da na bayan rafi. Alkawari kuwa kaya ne, ba ya sauka daga kan wanda ya ɗauka don wa'adi ya wuce.

Da a ce rayuwa ta tsaya yadda take a da, da jiran bai yi ciwo haka ba. To amma a shekarun nan an kwashe ƙofofin samun abubuwa da yawa an mayar da su cikin waya. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, yanzu kuma ana maganar jarrabawar kammala sakandare ma ta bi sahu. Daga ƙarshen 2020 aka ce sai kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 ta intanet ake nemansa. Shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku sana'ar fasaha, yawancin karatunsa ta intanet ne. Ɗaukar aikin soja da ɗan sanda da sauran ma'aikatu duk sai ta shafin intanet. Kowanne daga cikin waɗannan ci gaba ne, ban ƙi ko ɗaya ba. Sai dai duk ƙofar da aka mayar cikin waya, an rufe ta ke nan ga wanda wayarsa ke nuna E.

Ina da wata ɗaliba, ba ni da kamarta a lissafi cikin shekara goma. Bara ta so ta nemi wani tallafin karatu. Ta ba ƙanenta takardunta ya hau tudu da su dare uku a jere, kullum sai shafin ya kai wurin ɗora hoto ya tsaya cak. A rana ta huɗu mahaifinta ya sayar da tiya biyu ta gero ya biya mata kuɗin mota zuwa Gumel, suka isa aka ce an rufe tun jiya. Yarinyar ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, "Malam, Allah bai yi rabona ba ne." Na yarda da ƙaddara kamar kowane musulmi, amma na kasa barci a daren, domin na san wata yarinya a Kano da ba ta kai ta ƙoƙari ba ta cike takardar nan tana kwance a kan gadonta cikin minti goma.

Ka zo kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ga wani ɓangaren. Shanu da raƙuma da tumaki na shigowa daga Nijar, tireloli na lodi zuwa kudu, ana cinikin miliyoyi a tsaye cikin ƙura. Saboda halin da hanyoyi ke ciki, fatake da yawa sun daina yawo da kuɗi a buhu, sun koma tura kuɗi ta waya. Amma ranar da aka fi buƙatar sabis, ranar ce yake durƙushewa, don jama'ar da ta taru ta fi ƙarfin abin da aka tanada. An cire kuɗi daga asusun mai saye, alat bai shigo wa mai sayarwa ba. Dillali na tsakiya yana rantsuwa, direba na hura ƙaho, rana na faɗuwa. Na ga dattawa biyu da suka shekara ashirin suna ciniki da juna sun ɗaga wa juna murya a kan abin da ba laifin ɗayansu ba ne. Wani lokaci ma wayar sai ta saki layin gida ta kama na Nijar, mutum yana tsaye a ƙasarsa. Kai ba baƙo ba ne a wannan fage, domin kafin a naɗa ka a Oktoban 2023 ka yi aiki a NIBSS, inda kuɗin bankunan ƙasar nan ke ratsawa daga wannan banki zuwa wancan. Ka san cewa duk kyawun tsarin biyan kuɗi, ƙarshensa yana rataye ne a jikin ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da mai karɓa. Mun ga haka ƙuru-ƙuru a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace. Mutanen birni sun sha wuya, amma suna tura kuɗi. Mu nan ba takarda, ba sabis, har manomi ya riƙa karya farashin hatsinsa ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi a hannu.

Manoman zoɓo da riɗi ma haka. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa har Meksiko ake kai shi, amma wanda ya shuka shi, ya tsinke shi da hannunsa har yatsunsa suka yi ja, shi ne na ƙarshe da ke jin farashin da ake ciki a kasuwar Dawanau. Mai saye na zuwa da labarin kasuwa a aljihunsa, manomi kuwa sai abin da aka faɗa masa. A asibitin garinmu kuma akwai wata unguwarzoma da takan so ta tura wa likita hoton abin da ya ɗaure mata kai, ya faɗa mata ko ta riƙe mai naƙuda ko ta sa a nemi mota tun da wuri. Sau da yawa hoton ba ya tafiya. Sai ta yanke hukunci ita kaɗai, da addu'a.

Ba zan yi kamar ban san wahalar da kamfanoni ke ciki ba, domin adalci ya hau kaina ko a kan wanda nake kuka da shi. Yawancin ƙarafunan sabis a ƙasar nan da janareta suke kwana suke tashi, man dizal kuwa kowa ya san inda farashinsa ya kai. Kayan aikin daga waje ake sayo su da dala, kuma tun 2023 darajar naira ta faɗi warwas. Ɓarayi na kwashe batura, masu aikin titi na datse wayar faiba da katafila. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano, a gaɓar Legas suke sauka, tsakaninmu da can kuwa ya fi kilomita 1,000, kuma kowace jiha da wayar za ta ratsa tana da kuɗin da take karɓa kafin a haƙa rami. Ga kuma rashin tsaro. A 2012 'yan Boko Haram sun ƙona ƙarafunan sabis a garuruwan arewa da dama. A watan Mayun 2013 an katse layuka a Borno da Yobe da Adamawa, a Satumbar 2021 kuma aka katse na Zamfara, sannan wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duk wanda zai zuba jari a arewa yana tuna waɗannan. Na kuma fahimci cewa ƙarfe na iya nuna 4G alhali ba a haɗa shi da faiba ba, ta iska yake karɓo nasa daga wani ƙarfen, sai ya zama famfo ne babba a bakin siririn bututu.

Ɗan kasuwa lissafi yake yi: mutum nawa ne a garin nan, nawa kowanne zai sa kati a wata, shekara nawa kafin jari ya dawo. A irin wannan lissafi ƙauye kullum shi ne na ƙarshe a layi, kuma ban ga laifin ɗan kasuwa don ya yi lissafi ba. Domin haka ne ma dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, wanda aikinsa shi ne kai sadarwa inda riba ba za ta kai ta ba. Domin haka ne kuma aka kafa hukuma a tsakanin mai sayarwa da mai saye. Inda lissafin kasuwa ya tsaya, a nan aikinka ya fara.

A watan Janairun 2025 kamfanoni sun nemi a ninka farashi, hukumarka ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100, bisa hujjar cewa kuɗin zai ba su damar sayo kayan aiki su gyara sabis. Mun ji zafin ƙarin, amma mun karɓi hujjar. Abin da nake so ka duba shi ne, farashin data ɗaya ne a garinmu da unguwar Maitama ta Abuja. Naira dubun da ɗalibina ya tara daga ƙwadagon gona ita ce naira dubun da ɗan birni ke biya, amma shi ɗan birni yana shan abin da ya saya, nawa kuwa wa'adin datarsa na cika bai ci rabinta ba. An karɓi kuɗin gyara daga hannun kowa, har da mu. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Na farko, kuma shi ne uwa uba, a sa wa jiranmu rana. Hukumarka ta umarci kowane kamfani ya fitar da jadawalin ɗaga ƙarafunansa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, dukkan 774, har zuwa mazaɓa in zai yiwu: wannan gari a wata kaza na shekara kaza. A liƙa shi a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsunan da mutane ke ji. In rana ta zo ba a cika ba, a fito a faɗi dalili a sa wata. In kuma akwai garin da kamfani ba shi da niyyar zuwa ko kusa, a faɗa masa gaskiya, a miƙa sunansa ga USPF. Wanda ya san sai shekara biyu zai yi shirin shekara biyu. Mai shagon kwamfuta zai san ko ya buɗe ko ya dakata, makaranta za ta san ko ta haɗa kuɗi ta nemi wata hanya, uba zai san ko ya tura ɗansa birni. A 2025 hukumarka ta wajabta wa kamfanoni su sanar da jama'a in an samu babbar katsewar sabis, su kuma biya diyya in ta wuce awa 24. Wannan mataki ne mai kyau. A faɗaɗa shi ya haɗa da mu, waɗanda namu sabis ɗin bai katse ba, isowa ce bai yi ba.

Na biyu, a auna sabis a inda ake shan sa. Taswirar da kamfani ya zana a ofis tana iya shafa wa garinmu launin 4G saboda tudun nan guda ɗaya. A turo masu awo ranar kasuwa da azahar, su shiga cikin gidaje da azuzuwa da ɗakin haihuwa, abin da wayarsu ta nuna shi za a rubuta. Lambar koke ta 622 kuma a yayata ta a rediyo, a tabbatar duk wanda ya kira da Hausa zai samu mai amsa masa da Hausa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku, duk lokacin da za a ba da ƙananan zangunan nan masu tafiya nesa, ko a sabunta lasisinsu, a ɗaura musu sharaɗin kai wa karkara da wa'adi bayyananne. A kuma ƙarfafa haɗin gwiwa. A watan Maris na 2025 MTN da Airtel sun sanar da yarjejeniyar amfani da kayan aikin juna a Nijeriya da Yuganda. A ƙauyen da ba zai iya ciyar da ƙarfe uku ba, ƙarfe ɗaya ya isa, in dai kowane layi zai iya hawa kansa.

Na huɗu, mun ji Minista Bosun Tijani na maganar shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000, da kuma gina dubban ƙarafunan sabis a karkara. Muna addu'ar Allah ya tabbatar. Roƙona shi ne a bayyana sunayen garuruwan da za su amfana tun kafin a fara, kuma a faro daga nesa a nufo birni, domin in aka faro daga birni, kuɗi kan ƙare kafin a iso mu. Wayar ta biya ta makarantu da asibitoci da manyan kasuwanni. Ƙarafunan kuma a sa musu sola. In akwai abin da Allah ya wadata ƙasar Gumel da shi, to rana ce.

Na biyar, kada a yi gaggawar kashe tsohon sabis kafin sabon ya zauna da gindinsa. Mafi yawan iyayenmu ƙaramar waya mai tocila suke riƙewa, da ita suke kira, da ita suke duba asusu. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. A kuma duba hanyar sauƙaƙa farashin babbar waya, ko ta rage haraji ko ta biya kaɗan-kaɗan, don kada 4G ya iso ya tarar babu abin kama shi. Sannan a garuruwan da awo ya tabbatar sabis bai kai mizani ba, a hana data mutuwa da wa'adi. Wanda ba a ba shi hanyar cin abin da ya saya ba, bai kamata a ƙwace masa don ya daɗe bai ci ba.

Mu ma akwai namu nauyin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ɓarawon batir ba daga sama yake faɗowa ba, wani ya nuna masa hanya, wani ya gan shi ya yi shiru. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, amma doka a Abuja take, ƙarfe kuwa a bakin garinmu yake. In hukumarka ta zauna da sarakuna da hakimai da dagatai, aka danƙa wa kowane gari amanar ƙarfensa, aka ɗauki 'ya'yan garin aikin gadi, za ka ga bambanci. Gwamnoninmu ma ina kira gare su. An daɗe da amincewa a kan naira 145 a kowace mita a matsayin kuɗin haƙa ramin faiba, Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya tun 2020. Jihar da ta tsawwala wannan kuɗi tana karɓar na yau ne ta hana 'ya'yanta na gobe.

Ranka ya daɗe, mu manoma ne, jira ba sabon abu ba ne a wurinmu. Muna binne iri a busasshiyar ƙasa mu koma gida mu zauna, domin mun san watan da ruwa ke sauka, mun san kwana nawa gero ke yi kafin ya fitar da kai. Sanin lokaci shi ke sa haƙuri ya yi daɗin ɗauka. Jiran da ba shi da rana kuwa jiran gawon shanu ne, kuma shi ne ke kwashe mana matasa ɗaya bayan ɗaya zuwa Kano da Abuja da Legas, ba don sun ƙi gida ba. Ɗalibar nan tawa tana nan, ta ce za ta sake nema bana. Ta tambaye ni ko zuwa lokacin an gyara sabis ɗin. Na saba ba ɗalibaina amsa, amma wannan tambayar amsarta a hannunka take, shi ya sa na miƙo maka ita.

In na sa aya a wasiƙar nan, zan jira a idar da sallar isha'i, in ɗauki tocila in hau tudu in tura ta. Fatana amsarka ta same ni a tsakar gidana.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.